Na sayi motar caji, sai ga ni ina saya wa janareto fetur

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashin koyarwa ya daina kai ni Wudil ya dawo da ni, da lita ta haura dubu ɗaya kuwa sai na sayar da tsohuwar Golf ɗina, na haɗa da kuɗin adashe na sayo 'yar ƙaramar motar cajin nan ta Chana, wadda yaran ƙauyenmu ke ce wa keke mai ƙofa.

Maganar nisa ba matsala wallahi, makaranta da gida da kasuwa ran Juma'a duk tana yi, ba juyen baƙin mai ba filogi ba salansa. Amma kilomitan da mai sayarwa ya faɗa mini na kwalta ne, kuma mutum ɗaya a ciki. Ka sa ta a yashin hanyarmu da buhun masara a baya ka ga yadda caji ke zuba.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne wuta. Mai sayarwa ce mini ya yi "ai Malam ka jona da daddare kawai, kafin asuba ta cika". A jona a ina? Wutar awa 20 a rana da ake faɗa ta 'yan Band A ce a birni, wato masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, mu nan taransifoma in ta lalace sai an yi karo-karo, kuma ko an kawo wutar ba ƙarfi, caja sai ta yi ta ƙiftawa ta ƙi ja. Ƙarshenta wajen mai cajin waya na koma, ni ke saya wa janaretonsa fetur ya kwana yana ruri. Fetur ɗin da na gudu fa!

Sannan batirin ba lithium ba ne, mai dalma ne, irin wanda in ana barin sa yana ƙarewa tas ko ya kwana ba caji yake saurin mutuwa, ga zafin Afrilu. Kafin damina batirin ya fara rauni.

Yanzu sola na haɗa, ni da ƙanena mai noman rani. In ba ka da sola ko tsayayyiyar wuta dan Allah kar ka fara, kuma ka sa a buɗe maka ƙarƙashin kujera ka ga batirin da idonka kafin ka miƙa ko sisi.