Abin da nake fara sa wa jirgin ruwa mai tafiya da iska

Da rewayan mota na fara a Agege, daga baya na koma haɗa sola a gidaje. Aikin ruwa tsintarsa na yi: wani da na haɗa wa sola a Ikoyi ya ce in duba masa batirin jirginsa, daga nan wannan ya gaya wa wancan. Yanzu ni da yara uku ne, shagon ɗan ƙarami, yini kuma a bakin ruwa muke yin sa, daga Five Cowrie Creek har Tarkwa Bay. Na'urar gane hanya, ta auna zurfi, rediyo da wayoyinsu, su ne abincinmu.

Jiragen da iska ke turawa ba su kai masu inji yawa ba a Legas, ko da yake kulob ɗinsu na Onikan tun 1932 yake nan. Su ne dai suka fi sa ni lissafi. Bara wani Alhaji ya sayi ɗaya na hannu, mai tsawon mita 7, ya zo yana nuna min hoto a waya.

"Injiniya, Garmin ɗin nan nake so, mai allo inci 12."

"Ranka ya daɗe, ƙarfen gindin jirgin nan mita nawa yake nutsewa a ruwa?"

Bai sani ba. Muka auna, mita 1.2. Wannan ƙarfen shi ke hana iska kifar da jirgi, shi ne kuma ke fara cin taɓo. Lagun ɗin Legas faɗi gare shi, ba zurfi ba, wurare da dama tsayin mutum ne ko ƙasa da haka. Ga kuma masu haƙar yashi: nan rami, taku kaɗan gaba tudu, taswirar da ke cikin allo kuwa ba ta da labarin aikin da suka yi watan jiya. GPS zai faɗa maka inda kake, amma abin da ke ƙarƙashinka sai na'urar auna zurfi. Yarana "eko" suke ce mata, sunan ya kuwa dace da garin.

Aikinta ba wuya. Akwai ɗan abin da muke kira kunne, yana aika ƙara ƙasa ya saurari dawowarta. Ƙara na gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, daga lokacin da ta ɗauka ake fitar da zurfi. A ruwanmu marar zurfi mai 200 kHz ya wadatar, mai 50 kHz na masu fita teku da nisa ne.

Inda gwaninta take shi ne wurin dasa kunnen. Wanda ake ɗaurawa a baya na jirgin inji ne. Na iska yana karkata gefe guda in iska ta cika ƙyallensa, sai kunnen ya fita daga ruwa ko ya yi ta shan kumfa. Ko dai a huda gindi a sa shi gaban ƙarfen nan, ko a manna shi daga ciki ba huji. Mannawar tana yi ne kawai in jikin jirgin faiba ce zalla. Na taɓa manna wa wani a inda ashe akwai soso tsakanin faiba biyu, allo ya yi ta ƙiftawa ba lamba, na ɓamɓare na sayi wani kunnen da kuɗina. Tun daga ranar sai na ɗora kunne kan leda cike da ruwa na gwada wuri-wuri, jirgi na kan ruwa, kafin in taɓa gam. Sannan a saita ta ta riƙa ƙirgawa daga ƙasan ƙarfen gindi. In ba haka ba, ta nuna maka mita 1 kana murna, alhali ka riga ka zauna.

Sai batir. Mai inji yana tafiya yana caji, mai iska kuwa abin da ya fito da shi daga gida shi zai ci. Batirin Alhaji mai amfiya-awa 70 ne, irin na ruwa, rabinsa kawai ake taɓawa in ana so ya yi ƙarko. Babban allo shi kaɗai zai lashe wannan rabin a fita biyu, ƙaramar eko kuwa ko rabin amfiya ba ta ja. Na ce masa taswira ya sa manhajar Navionics a wayarsa, cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ya kuma bar kamfas ɗin da ya tarar a jirgin, shi ba ruwansa da caji. Duk abin da zai zauna a waje kuma a duba a ga IPX7 a jikinsa, alamar cewa ruwa ba ya shigarsa.

Rediyo ban yarda a yi min jayayya a kansa ba. Mai zuwa Tarkwa Bay sai ya bi hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa da Tin Can, su kuwa ba birki gare su ba. In hazon hunturu ya sauka a Disamba da Janairu, sai ka ji ƙugin jirgi ba ka gan shi ba. Rediyon jirgi na VHF a tasha ta 16, ta kira da neman agaji, eriya a can ƙolin sandar tsakiya don ta yi nisa. In da hali a ɗauki mai karɓar AIS, zai nuna sunan babban jirgi da inda ya dosa. Kwalekwalen masunta dai ba ya fitowa a ciki, wannan sai ido.

Waya kuma mai rufin kuza nake sawa. Ta mota, wadda na saba da ita a Agege, damina ɗaya gishiri ke mayar da ita kore.

Alhaji ya tafi da eko, rediyo da ɗan faifan sola, ransa ba daɗi don bai samu allonsa ba. Bayan sati uku ya kira ni daga kan ruwa, ina jin ƙararrawar eko tana ihu a bayansa, wai in gaya masa yadda ake kashe ta. Na tambaye shi nawa ta nuna. Ya ce 0.3. Na ce, "Alhaji, bar ƙararrawar nan, juya kan jirgin tukuna."