Lissafin tafiyar harsashin bindigar iska

Harsashin bindigar iska, wato 'yar ƙwayar dalmar nan mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi, yana fara rasa gudu tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga, kuma siffar da ke hana shi wulƙitawa ita ce ke sa iska ta riƙe shi. Adadin da ke nuna ƙarfinsa na keta iska shi ne ake rubutawa da haruffan BC. A ganina, wanda ya dogara da adadin da kamfani ya wallafa ba tare da ya auna da tasa bindigar ba, ya ɗora lissafinsa a kan aro.

Tushen lissafin ba shi da wuya. Ana raba nauyin harsashi da faɗinsa sau faɗinsa, a ma'aunin fam da inci, sannan a raba abin da ya fito da wani adadi da ke kwatanta siffarsa da ta harsashin da aka ɗauka a matsayin mizani. Ƙwaya mai faɗin milimita 4.5 da nauyin giram 0.547 tana ba da kimanin 0.038 a matakin farko, amma da yake iska ta fi riƙe ta fiye da mizanin, BC ɗinta yakan sauko zuwa wajen 0.02. Matsalar tana nan ga mizanin kansa: tsohon mizanin G1 dogon harsashi ne mai tsini da lafaffen gindi, wanda bai yi kama da ƙwayar bindigar iska ba ko kusa, shi ya sa ChairGun, manhajar lissafin tafiyar harsashi, ta zo da wani mizani mai suna GA. Saboda haka duk adadin da ba a faɗi mizaninsa ba, rabin magana ne.

Hanyar gano BC da na fi amincewa da ita ita ce a auna raguwar gudu tsakanin wuri biyu, da na'urar auna gudun harsashi ɗaya a bakin bindiga, wata kuma a can nesa, kamar mita 30. Kafin a raba su, ya kamata a jera su dab da juna a yi harbi a ga ko suna faɗin abu ɗaya, domin idan tazarar ta yi gajarta, saɓanin mita ɗaya ko biyu a daƙiƙa tsakanin na'urorin ya isa ya karkatar da sakamakon gaba ɗaya. A kuma rubuta zafin rana da matsin iska na wannan lokacin, tunda iska mai sanyi ta fi mai zafi kauri.

Bari mu ɗauka cewa ƙwayar nan ta fita da gudun mita 240 a daƙiƙa, ta isa mita 30 da kimanin 194. A irin wannan raguwa, za ta kai mita 25 cikin daƙiƙa 0.114, ta faɗi kimanin santimita 6 ƙasa da layin bututun bindiga, alhali mita 50 za ta ɗauke ta rubu'in daƙiƙa, ta faɗi kusan santimita 30. An ninka nisa sau biyu, faɗuwa kuwa ta kusa ninkawa sau biyar, domin faɗuwa tana bin lokaci sau lokaci ne, ga shi kuma rabin hanya na biyu ya fi na farko cin lokaci. Da yake madubin saiti yana zaune 'yan santimitoci sama da bututu, ƙwayar takan ratsa layin gani sau biyu, tana hawa da kuma tana saukowa.

Iskar gefe ma daga wannan lissafi take fitowa. Da babu riƙon iska da ke rage wa ƙwayar gudu, mita 50 za ta ci daƙiƙa 0.208 ne kawai maimakon rubu'in daƙiƙa, don haka jinkirin ya kai 0.042, idan aka ninka shi da iska mai kaɗawa mita 3 a daƙiƙa, ƙwayar za ta kauce da kimanin santimita 12. Ƙara wa bindiga ƙarfi ba ya magance wannan, domin da zarar gudu ya doshi na sauti, wanda yake wajen mita 343 a daƙiƙa, riƙon iska yana ƙaruwa sosai, BC ɗin da aka auna a ƙaramin gudu kuma ya daina aiki, sai an sake aunawa.