Miya ba tuwo

Yau da daddare ina zaune da kwanon miyar taushe, ba tuwo, ina sha da cokali, sai Hajiyarmu ta shigo. Ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Ke, garin ne ya ƙare ko ciwo kike ɓoye mana?" Dariya ta kusa ƙware ni. Wata 2 ke nan nake haka: kabewa da alayyafo da yawa, gyaɗa da manja kaɗan. Siket ɗin da na ajiye tun ƙaramar sallah ma yau ya shige ni.

Ita ba siket take dubawa ba, wuyana take dubawa. Zan kwanta sai ga malmala biyu a rufe a ƙofar ɗakina. Har yanzu na rasa bakin da zan ce mata na ƙoshi.