Saura Maballi Kawai

Shekara 19 ke nan ina zaune a bakin keken ɗinki a Sabon Garin Zariya, kuma in ka cire na baya-bayan nan, ban san ranar aikin da ta fito ta faɗi ban yi ƙarya ba. Ba irin wadda ake kai mutum gaban alƙali a kanta ba. Irin wadda duk mai kai ɗinki ya sani ce: "Saura maballi kawai." "Yana wajen mai surfani." "Tun jiya aka ɗauke mana wuta." "Ki dawo Alhamis, in Allah ya yarda." Duk wannan kuwa da baftismata, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina ba da baiko, ina cin Jibin Ubangiji.

A wurin maigidan da ya koya mini ɗinki na koye ta, tare da riƙon almakashi da karanta tef. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce yi ƙarya. Gani na yi ana yi, na ga mai kaya ya yi faɗansa ya tafi, jibi ya dawo, na ɗauka haka sana'ar take. Da na buɗe nawa shagon na taho da ita kamar yadda na taho da dutsen guga. Har mutane sun saba, in aka ce "alƙawarin tela" kowa ya san abin da ake nufi, mu kuma muka fake da wannan sabon. Tsakanin sabo da saɓo ƙugiya ɗaya ce a rubuce, ni kuwa na daɗe ban ga ƙugiyar ba.

Kowace Lahadi muna durƙusawa a sujada mu furta zunubanmu baki ɗaya, cewa mun bar abin da ya kamata mu yi, mun aikata abin da bai kamata ba. Addu'a ce mai kyau, ba ni da ta cewa a kanta. Amma ni na mai da ita mayafi. Faɗin "mun yi zunubi" a cikin taro ba ya da nauyi. Faɗin "na ce wa wance kayanta na wajen guga alhali ko yanka ban yi ba" shi ne mai wuya, kuma shi ban taɓa faɗa wa Allah da bakina ba. A ikkilisiyarmu in yarinya ta yi ciki ko aka kama wani da maye, akan sa shi a horo, ya koma bencin baya, kowa na gani. Ni da nake yaudarar mutane kwana shida a mako ina gaba da rigar mawaƙa. Wannan abu har yau yana damuna, don na ga yadda zunubin da ba ya fitowa a jiki yake samun wurin kwana a cikinmu shekara da shekaru.

Kada a ɗauka zuciyata ba ta taɓa tsawata mini ba. Sau nawa a daren 31 ga Disamba, ana addu'ar shiga sabuwar shekara, na yi kuka na ɗauki alkawari cewa na daina. Nakan riƙe kwana uku, wani lokaci mako. Sai wata ta shigo da fushi, kafin in yi tunani bakina ya riga ya ba ta amsa. Daga nan sai in faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai in ce ai ko Manzo Bulus ya ce a Romawa 7 abin kirkin da yake so ba ya yi, mugun abin da ba ya so shi yake yi, to ni wa? Ko kuma in kwana ina tunanin anya ma ni mai bi ne kuwa, ko dai sunan kawai nake ɗauke da shi? Ramin farko yana sa ni barci, na biyu yana hana ni addu'a. Duka biyun kuwa ƙarshensu ɗaya, gari ya waye in koma shago in ci gaba.

A Disambar 2022 abin ya kama ni. Wata gwauruwa ce a cocinmu, mai sayar da ƙosai, sa'ar mahaifiyata. Tun farkon wata ta kawo atamfar ankon 'yarta, wadda za ta fito da ƙungiyar 'yan mata ranar Kirsimeti, ta biya ni kuɗina cif. Sau uku tana zuwa. A zuwa na huɗu, ranar Juma'a 23 ga wata, ina bayan labule ina cin abinci, na ji muryarta, na yi lamo. Ɗana mai shekara 10 ne a gaba, ana hutun makaranta. Ban ce masa komai ba, ban ko yi masa alama ba. Sai na ji ya ce, da irin muryata, har da ɗan tsakin da nake yi na nuna damuwa, "Mama, Baba ya fita. Kayan an gama, saura maballi kawai."

A kan buhun kayan da ba a taɓa ba yake zaune. Bakin buhun a buɗe, gefen atamfarta ya leƙo, takardar kamfani tana nan manne a jiki. Ta gani. Ta sunkuya ta zaro ta, ta karkaɗe, ta ninke a hankali. Na fito da cokali a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, da ka gaya mini gaskiya ai da na nemi wani tun da wuri." Ta dubi yaron, ta dube ni, ta sa atamfar a hammata ta fita.

Kirsimetin shekarar ranar Lahadi ya faɗo. 'Yan mata suka shigo a jere da ankonsu, ita kaɗai 'yar ce da tsohuwar riga, a can ƙarshen layi. Da aka zo cin Jibi na kasa tashi daga mazaunina.

Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, haifaffen Wusasa, kowa Baba yake ce masa. Har yanzu da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki yake karatu, ta 1932 wadda Likita Mila, Baturen mishan, ya yi wa aiki, ya ce da ita kunnensa ya saba. Wurinsa na je washegari na zazzage masa komai. Na yi zaton zai ɗora mini azumi ne. Sai ya tambaye ni, "Ɗana, riga nawa kake iya gamawa a rana, kai da yaranka?" Na ce in an matsa, huɗu. Ya ce, "Nawa ka karɓa a wannan wata?" Ban sani ba. Ya ce in je in ƙirga in dawo. Na ƙirga, sun haura 150. Ko da ba mu yi barci ba, ba za mu gama su kafin Kirsimeti ba.

Da na kawo masa lissafin ya ce, to ka ga, ba ranar da mai kaya ta zo karɓa kake yin ƙaryar ba, tun ranar da ka miƙa hannu ka karɓi yadin ka yi ta, sauran duk jelarta ce. Nan ne na fara ganin gindin abin. Ba na iya cewa a'a. Ina tsoron in na mayar da mutum ɗaya ya tafi ke nan, yara su rasa kuɗin makaranta. Ga kuma kafin alƙalami: kuɗin wannan ya tafi zaren wancan, na wancan ya tafi haya, sai na sake karɓar sabon aiki kafin in iya taɓa tsoho. A bakina Allah ne mai ciyar da ni, amma a aikace ƙarya na riƙa a matsayin jari. Shekaru ina yaƙi da harshena, ashe tsoro ne ke zaune a ƙasa yana ba shi abin faɗa.

Baba ya ba ni labarin Agustin, wani bishop na birnin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430. Ya ce shi ma ya daɗe a ɗaure, kuma da sarƙa ya kwatanta abin: son zuciya ya haifi sha'awa, sha'awar da ake biye mata ta zama sabo, sabon da ba a ƙi shi ba ya koma kamar dole. Na gane wannan sarai, don bakina ya kai inda yake ƙarya ko da gaskiya ba za ta cuce ni da komai ba. Sai kuma ya buɗe mini Romawa ya ce in daina tsayawa a sura 7 kamar nan wasiƙar ta ƙare. Sura 8 ta fara da cewa babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, kuma a cikin surar nan dai, aya 13, aka ce ta wurin Ruhu ake kashe ayyukan jiki. Ya ce in riƙe su tare. Wanda ya riƙe ta farko kaɗai zai kwanta cikin zunubinsa, wanda ya riƙe ta biyu kaɗai zai gaji ya yanke ƙauna. Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse, ni ma na sha faɗa don in wanke kaina. Yanzu ban yarda maganar ta hau kan mai bi ba. Wanda ya yi dutsen bai rasa yadda zai yi da zanen ba.

Abin da Baba ya sa ni yi kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Na sayi littafi mai layi, kowane aiki da ranarsa, in shafin mako ya cika, ya cika. Kowace Asabar da yamma in je in gaya masa ƙaryar da na yi a makon, ɗaya bayan ɗaya, da sunanta, mu yi addu'a, kamar yadda Yakubu 5:16 ya ce mu riƙa furta wa juna. Sai wanda ya fi kowanne ɗaci: duk inda ƙarya ta kuɓuce mini, in gyara ta nan take a gaban mutumin. In ce, "Yi haƙuri, abin da na faɗa yanzu ba gaskiya ba ne, ban fara ba." Ranar da na fara yin haka wani Alhaji ne a gabana, mai shadda biyu. Gumi ya wanke ni. Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "To yaushe za ka fara?" Kunyar wannan gyara ta yi mini aikin da kukan daren sabuwar shekara bai taɓa yi ba.

Sannan biyan hakki. Zakka, mai karɓar haraji a Luka 19, da Yesu ya shiga gidansa bai tsaya a murna ba, dukiyar mutane ya yi maganar mayarwa. Na bi buhunan nan na fitar da kayan da suka shekara, wasu har ƙura ta canza musu launi. Abin ya zo daidai da canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuyar gani, mutane na kwana a layin banki, tura kuɗi ta waya ma sai an yi sa'a. Na sayar da keke ɗaya cikin ukun da nake da su na mayar wa mutane kafin alƙalaminsu. Gidan Maman nan na fara zuwa, da ɗana a gefena, don ina so ya ji da kunnensa. Na durƙusa na ce, "Mama, na cuce ki, na cuci 'yarki, na kuma koya wa yaron nan abin da ba shi da kyau. Ki yafe mini." Ta ce ta yafe. Ba ta sake kawo mini ɗinki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Gwajin gaske ya zo a watan Afrilu. Ista ta kama 9 ga wata, Ƙaramar Salla 21, kwana 12 tsakani, kakar da tela ke jira. Tun tsakiyar Maris littafina ya cika. Na mayar da mutane da yawa da yadinsu a hannu, ina kallo suna shiga shagon da ke kallon nawa. Kuɗin da na samu bai kai na 2022 ba, uwargida kuma ta ji a tukunya, ko da yake ita ce ta riƙa ƙarfafa ni. Ba zan ce da na daina ƙarya sai arziki ya buɗe ba, don ba haka aka yi ba, kuma ina jin tsoron irin shaidar da ake bayarwa kamar ciniki aka ƙulla da Allah. Abin da na samu shi ne na daina kifa waya in ta yi ƙara, na daina sauya hanya a kasuwa. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, da fetur ya fi ƙarfin janaretana, na gaya wa mutane gaskiyar dalilin jinkiri, wasu tsofaffin masu kawo mini aiki ba su yarda ba. Ni na koya musu haka, na haɗiye.

"In Allah ya yarda" ma sai da na sake koyon faɗarta. Yakubu 4:15 ya umarce mu da ita don ba mu san gobe ba. Ni kuwa da ina faɗarta ne a kan abin da na riga na san ba zan yi ba, ina jingina wa Allah saɓa alkawarina tun kafin ranar ta zo. Yanzu sai na duba littafi kafin ta fito daga bakina.

Ban gama da abin ba. Watan jiya wata ta kira ni ina tsakiyar guga, ta ce leshinta fa? Na ji bakina ya ce, "Na yanka." Ban yanka ba. Na ajiye dutsen gugar, na tsaya kamar minti biyar ina neman hanyar da zan bi in yanka da daren ya zama kamar gaskiya na faɗa. Sai na ɗauki wayar na kira ta na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ban yanka ba, sai Talata zan kai kansa." Ranta ya ɓaci, da yamma ta aiko direba ya karɓi kayan. Na soke sunanta a littafi, na rubuta abin a shafin baya inda nake tara na Asabar, na kira mai bi mata a layi na ce ta kawo nata awon da safe.