Yadda na harhaɗa hotunan aikin dam ɗin Kainji daga akwatunan tsofaffinmu

Duk wanda ya taɓa neman tsofaffin hotunan dam ɗin Kainji a intanet ya san abin da zai gani, kankare ne da ƙarafa da katafila, sai manya sun jeru da manyan riguna ana nuna musu wani abu da yatsa. Leburori kuwa in ma sun fito to can nesa ne, ko fuska ba ka ganewa. Ni kuma kakanmu direban tifa ne a wannan aiki tun da aka fara a 1964 har aka gama a 1968, shi ya sa na ce bari dai in bi dangi gida-gida in ga me ya rage a hannunsu.

Abin da na samu ya sha bamban da na kamfani. Impregilo, kamfanin 'yan Italiya da ya yi aikin, ci gaban gini ne ya dame shi, mutanenmu kuwa ba sa kiran mai hoto sai ran albashi ko suna ko sallah. Akwai wanda kakanmu ya jingina da sabon keke ya sha tabarau, akwai na 'yan ƙwallo ba takalmi, akwai wani da nake matuƙar so, mata ne zaune gaban rumfa da manyan tukwane, kakarmu tana tsakiya, ashe tuwo take sayar wa ma'aikata kuma bashi ne har ƙarshen wata. Wallahi ban taɓa sanin ta yi sana'ar nan ba sai da hoton ya fito.

Darasin da ya fi min amfani shi ne a tambayi mata. Tsofaffi maza labarin inji da Bature za su yi ta ba ka, amma da na miƙa wa Kaka na ce "Kaka, su waye waɗannan?" sai ta kai hoton bakin ƙofa wajen haske ta ce "kai ɗan nan, ai wannan Bayarabiya ce maƙwabciyarmu, ita ta karɓi haihuwar babanka", daga nan ta shiga lissafo su ɗaya bayan ɗaya, wannan Banufe ne, wancan daga Yawuri, waɗannan Inyamurai ne masu gyaran mota da suka tafi gida lokacin rikicin 1966 ba ta sake jin ɗuriyarsu ba. Ka kunna rikodin a waya kafin ka miƙa hoton, don in labari ya ɓalle hannunka ba zai iya bin bakinsu ba.

Sai kuma bayan hoto, shi ma a ɗauke shi. Nan ake samun hatimin mai hoto ko shekara, wani ma da ajami aka rubuta suna. Kar ka kunna filasha, a ɗauka da rana a cikin inuwa ya fi, wanda ya manne da ɗan'uwansa kuma kar a ɓamɓare da ƙarfi fuskar ce za ta tafi. Manhajojin nan masu sa wa hoto kala ni dai ba na so, suna sauya wa mutum kamanni, jika ya zo yana kallon wani daban.

Guda ɗaya ne ya ba ni wahalar ganewa, wata kasuwa a bakin kogi ga jiragen kwale-kwale birjik. Wani dattijo ne ya ce tsohuwar Bussa ce, yanzu tana ƙarƙashin tafki, a yankin nan ne ma Mungo Park, Baturen nan mai yawon binciken kogin Neja, ya mutu a 1806. Mutum wajen 44,000 aka tasa saboda ruwan, aka gina musu sababbin matsugunai ciki har da Sabuwar Bussa, kuma a hotunan da Janar Gowon yake buɗe dam ɗin a 1969 ni dai ban ga ko ɗayansu ba.

In ka ari hoto ka mayar a ranar, ka kuma wanko musu babba guda ɗaya ka kai. Wata gwaggonmu da ta rantse ba ta da komai, da ta ga na maƙwabta a bango da kanta ta aiko yaro da leda cike.