Fitowar da Nake Yankewa

Aikina na farko da ya shafi fim fassara ce. Wani ƙaramin situdiyo ne a Kano mai ɗaki biyu, ɗayan an manne bangonsa da soso don kada ƙarar janareta ta shiga makirfo. Ni nake zama gaban kwamfuta in mayar da magana Hausa, masu murya su zo su ɗora. Mun fi yin finafinan Indiya da na 'yan Chana masu faɗa. Wata rana maigidanmu ya ajiye mini faya-fayen Smallville a kan tebur ya ce, "Wannan labarin Superman ne lokacin yana saurayi. Ka rage surutun, jama'a faɗa suke so."

Na kuwa rage, har da gayya. Kowane kashi minti 40 ne da 'yan kai, domin a Amurka talla ce ke cike ragowar awar. Ni kuma sai in matse shi ya dawo wajen minti 30. Ban sha wahalar gane inda zan sa almakashi ba, don kusan kowane kashi iri ɗaya yake ƙarewa: an gama da bos, ƙura ta lafa, sai a nuno Clark, wato saurayin da zai zama Superman, a saman siton gonarsu kusa da madubinsa na hangen nesa, wani ya hawo matakala su yi ta magana a hankali. Wani lokaci babansa Jonathan ne, wani lokaci Lana, yarinyar da yake so, wani lokaci Lex, abokinsa ɗan gidan attajirai wanda daga baya zai zama babban maƙiyinsa. Ko kuma a kicin, Martha matar Jonathan na haɗa abinci. A ganina na wancan lokacin wannan duk cike gurbi ne, irin wanda marubuci kan yi in labari ya ƙare masa alhali lokaci bai cika ba.

Shirin ya fara fita a Oktoban 2001 a tashar WB, ya ƙare a Mayun 2011 a tashar CW, zango 10, kashi sama da 200. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Alfred Gough da Miles Millar, sun kafa wa kansu wata doka tun farko: jarumin ba zai sa matsattsun kayan nan da alkyabba ba, kuma ba zai tashi sama ba. Ranar da na ji wannan dokar dariya na yi. Ka sayi ingarma ka ɗaure shi a turke shekara 10, to me ka saya?

A kashi na 100 asirina ya tonu. A nan ne Jonathan Kent yake mutuwa, a daren da ya ci zaɓen majalisar dattawan jihar Kansas, bayan sun yi sa-in-sa da Lionel Luthor, mahaifin Lex, a cikin sito. Zuciyarsa ta buga, ya faɗi a hannun matarsa da ɗansa. Al'adarmu ce in mun gama ɗora murya mu kira yaran shagunan da ke kusa su kalla, mu ga yadda za su karɓa. Suka kalla. Babu wanda ko numfashinsa ya canza. Ɗaya daga cikinsu, yana ɓare gyaɗa, ya ce, "Wai shi wannan tsohon dama me yake yi a fim ɗin?"

Dattijon da ke yin muryar Jonathan yana zaune a gefe, tsohon ɗan wasan kwaikwayon rediyo ne wanda duk muke kira Baba. Bai ce komai ba sai da yaran suka fita. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai ba yau ya mutu ba. Kai ka kashe shi tun a zango na farko."

Na ji zafin maganar, amma a daren na koma kan kashi na 1 na kalle shi cikakke, wannan karon ba da almakashi a hannu ba.

Akwai wani abu a kashin da na taɓa gajartawa zuwa jimla biyu. Lex ya banke Clark da motarsa a kan gada, suka faɗa kogi, Clark ya ciro shi da rai. Don godiya Lex ya aiko masa da sabuwar a-kori-kura. Jonathan ya ce a mayar. Yaro ya yi fushi, ga mota fil a ƙofar gida, ga su manoma masu fama da bashi. Hujjar uban ita ce ya san inda kuɗin gidan Luthor yake fitowa, kuma ba a karɓar lada don an ceci rai. A cikin wannan rigimar ce Jonathan ya kai shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya nuna masa kumbon da ya kawo shi duniya a ranar da aka yi ruwan duwatsu daga sararin samaniya a garinsu Smallville, a 1989. Wato rana guda aka hana shi kyautar wani gida, aka kuma gaya masa cewa duniyar da yake ciki ma ba nan aka haife shi ba. Duk abin da ya biyo baya na shekara 10 daga nan ya tsiro, ni kuwa na ɗauke shi surutu.

Da na ci gaba da kallo sai na ga ashe bos ɗin kowane mako ma ba don faɗa aka kawo shi ba. Masu kallo a can sun sha yi wa shirin ba'a kan wannan tsari, kuma suna da gaskiya: kowane mako koren dutsen da ya faɗo a ruwan duwatsun nan zai taɓa wani ɗan makaranta, ya samu wani ƙarfi, ya haukace, Clark ya tare shi. Amma ka lura da ko su wane ne. Yawancinsu yara ne da aka wulakanta, ko aka yi watsi da su, ko iyaye suka matsa musu. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Eric Summers, a zango na 1. Tsawa ta faɗa musu shi da Clark, ƙarfin Clark ya koma jikinsa. Ƙarfi ɗaya ne sak, ba a rage ba a ƙara ba. Bambancin kawai shi ne gidan da ƙarfin ya kwana. Mahaifin Eric malamin makaranta ne mai tsanani, da ya ga abin da ɗansa ya zama sai tsoro ya kama shi, ya fara maganar a kai shi a bincike shi. Kafin a ce me, yaro ya fara jifa da motoci. Marubutan ba su sa kowa ya tsaya ya yi wa'azi kan tarbiyya ba. Sun ɗauki gwaji irin na ɗakin kimiyya, suka canza abu ɗaya tak, wato uba, suka bar mu mu ga sakamako. Sai a fitowar ƙarshe, wadda nake yankewa, ake barin Clark da Jonathan su taɓo zancen sama-sama.

Shi ma Lex haka aka gina shi, amma a tsawon shekaru. Mu da muka san labarin Superman mun san ƙarshensa tun kafin a fara, don haka ba a tambayar ko zai lalace, sai dai ta yaya. Amsar da shirin ya bayar ita ce Lionel, uban da ke renon ɗansa kamar mai horar da karen farauta, yana jefa masa tarko don ya ga ko zai kuɓuta. A zango na 3 aka bayyana cewa Julian ƙanin Lex da ya mutu yana jariri mahaifiyarsu ce ta kashe shi, Lex yana yaro ya ɗauki laifin a kansa don ya kare ta, uban kuma ya rayu yana kallonsa a matsayin mai kisa. Abin da Lex yake nema a gonar su Kent ba sirrin Clark kaɗai ba ne. Yana so Jonathan ya miƙa masa hannu sau ɗaya ba tare da zargi ba, Jonathan kuwa sunan Luthor kawai yake gani a goshinsa. Nan ne na fara ganin shirin ya fi ƙarfin yadda na ɗauke shi, domin mutumin kirkin labarin yana da hannu a lalacewar mugun. Mu kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, mu kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Lex ya yi shekaru yana roƙon a yarda shi albasa ne, aka ƙi, har ya gaji uban nasa ta hanya mafi muni: a zango na 7 shi ya turo Lionel ta tagar ofishinsa.

Mutuwar Jonathan ma da na bi sawunta sai na tarar bashi ne aka ci tun da daɗewa. A ƙarshen zango na 2 Clark ya tarwatsa kumbon don ya guje wa umarnin Jor-El, mahaifinsa na Krypton, duniyar da aka haife shi, wanda murya ce kawai ta rage daga gare shi. Fashewar ta yi sanadin ɓarin cikin Martha. Clark ya sa zoben jan dutse, wanda ke cire masa kunya da tausayi, ya gudu birnin Metropolis. Jonathan ya je ya roƙi Jor-El aron ƙarfi don ya dawo da yaron gida, jikin ɗan Adam kuwa ba zai ɗauki wannan ba, zuciyarsa ta samu rauni tun daga ranar. Sama da shekara 2 ana tuna mana da ciwon nan a hankali, a kicin, a gona, a asibiti. Duk wuraren da na share.

Wahalar da ta fi koya mini abu ita ce ta kalma. Turanci yana barin Clark ya kira mutum biyu uba ba tare da ya zaɓa ba. Hausa ba ta ba ni wannan damar ba. Muna da uba, muna da mahaifi, muna da mariƙi, kuma kowace ka ɗauka ka yanke hukunci. In na sa Clark ya ce wa Jonathan "Baba" ya ce wa Jor-El "mahaifina", na raba musu gado ke nan: ɗaya ya samu zuciya, ɗaya ya samu jini. Mun yi kwana biyu muna jayayya da Baba a kan wannan. Shi yana ganin kada a taɓa jin kalmar "mariƙi" a bakin Clark, ko da cikin fushi ne, don yaron da aka riƙe da kyau bakinsa ba ya iya furta ta. Na bi shawararsa, sai wuri ɗaya da Clark ke sanye da jan zoben nan. A nan na ba shi kalmar, kuma ta yi aikin da mari ba zai yi ba.

Mai kallo Bahaushe yana shigowa labarin da nasa sanin. Mun san riƙo sarai, kusan babu gidan da babu ɗan da goggo ko kawu ya raina. Amma mun kuma san aya ta 5 a Suratul Ahzab da ta ce a kira su da sunan ubanninsu, mun san ɗan riƙo ba shi da kaso a gado sai abin da aka yi masa wasiyya cikin sulusi. Don haka abin da Ba'amurke yake ɗauka ba komai ba, yaro ya tashi da sunan Kent ba a gaya masa asalinsa ba sai da ya shiga sakandare, a wurinmu babbar magana ce. Na lura masu kallonmu sun fi tausaya wa Jor-El fiye da yadda marubutan suka nufa. Wata dattijuwa ta taɓa aiko mana da saƙo cewa ko me mutumin nan ya yi, shi ya haife shi, a bar shi ya yi magana da ɗansa.

Su kansu masu shirin sun yi wasa da gado har a bayan kyamara. Christopher Reeve, wanda ya fito a Superman a fim ɗin 1978, shi aka kawo a zango na 2, yana kan keken marasa lafiya, a matsayin masanin da ya fara gaya wa Clark sunansa na asali, Kal-El. Annette O'Toole da ta fito a Martha ita ce Lana a fim ɗin Superman na 1983. Muryar Jor-El kuwa ta Terence Stamp ce, wanda a tsofaffin finafinan shi ne mugu Zod, shi ya sa duk wanda ya san muryar ba ya sakin jiki da ita. Kuma tun asali, matasa biyu da suka ƙirƙiri Superman aka fara buga shi a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa ne 'yan ci-rani. Yaro mai suna biyu, ɗaya na gida ɗaya na waje, ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Ba zan wanke shirin tas ba. Akwai surutun da ya cancanci almakashina. Soyayyar Clark da Lana an ja ta kamar ƙosai a bakin marar haƙori, a rabu a shirya a kan sirri guda. Sannan akwai dabarar nan ta ragwanci: duk lokacin da Clark zai nuna ƙarfinsa, sai wanda ke kusa ya buga kai ya suma, ko ya farka ya manta komai. Da mutanen garin nan na gaske ne da babu mai sauran ƙwaƙwalwa a cikinsu. Bayan zango na 7, da Gough da Millar suka tafi, Michael Rosenbaum mai fitowa a Lex shi ma ya tafi, labarin ya koma birni ya cika da jarumai masu kaya kala-kala, ni dai a nan ya fara fita daga raina. Faɗan ya ƙaru, amma babu gidan da za a koma bayan an gama.

Maigidanmu bai yarda mu sake tsofaffin kashin ba, ya ce kuɗin man janareta ba daga sama yake faɗowa ba. Abin da na samu kawai shi ne daga zango na 6 ya daina tambayata minti nawa na rage. Yanzu da nake rubuta nawa labaran masu dogon zango, fitowar bayan rigima nake fara rubutawa, in ta ƙi fitowa na san rigimar ce ba ta da tushe, sai in koma in rushe ta.

Ranar da muka zo kashin ƙarshe na kira Baba a waya, don shekara da shekaru ba shi da aiki a shirin sai jefi-jefi. A kashin ne Clark yake tashi sama da kansa a ƙarshe. Kayan da zai sa Martha ce ta kawo su, Jor-El ya ajiye su a fadarsa ta ƙanƙara, amma wanda ya ɗauko ya miƙa masa Jonathan ne, mamaci. Baba ya zo da sandarsa, ya karanta layukansa a tashi ɗaya ba tare da an maimaita ba. Da ya cire abin kunne sai ya tambaye ni ko wannan ma zan yanke.