Sunan da ke jikin kwalbarmu

Turaren wuta da humra muke yi a Jidda, ni da ƙannena da 'yan matan da ke kama mana aiki. Sana'ar gado ce. A Shara Mansur ta Makka na koye ta a hannun kakata, wadda iyayenta suka ratso Sudan da ita tana ƙarama, suka sauke farali, suka yi zamansu. Sunanta muka sa wa kayanmu.

Aikin farko da kakar tawa, Inna, ta ɗora ni a kai shi ne gyaran farce, wannan murfin dodon koɗin da ake kawowa daga gaɓar Bahar Maliya. Ɗanyensa ƙarni gare shi mai hawa kai. Sai an jiƙa, a bi ɗaya bayan ɗaya da wuƙa a kankare ragowar naman, a wanke, a shanya, a soya sama-sama har ya yi ja, sannan a daka. Ɗigon nama ɗaya ya isa ya juyar da humra bayan 'yan watanni, kuma babu miskin da zai rufe ta. Inna ba ta ko duba kwano. Yatsuna take shinshinawa ta ce, "Ke, koma ki sake." Haka ma sandal: sukari ya narke ya yi kalar zuma, a juye itacen kafin ya kama, a bi shi da mai, a rufe ya kwana arba'in.

To wannan wahalar ce wasu ke son ci a ɓagas. Wata Hajiya daga Kano ta shigo mana da kwalba lokacin Umra, ranta a ɓace: "Hajiya, me ya sami kayanku ne?" Tambarinmu ne sak, har launin murfin. Na buɗe, garin katako ne aka jiƙa da mai mai araha. A kan garwashi hayaƙinsa yaji yake yi a ido.

Abin da ya ba mu bakin magana shi ne rajista. Suna da tambarin duk suna rubuce a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Saudiyya, SAIP. Ta intanet ake nema. Kaya da ayyuka an kasa su rukuni 45, turare yana na 3. Ana wallafa tambarin, a jira kwana 60 ko wani zai yi jayayya, in babu a ba ka kariyar shekara 10, kana sabuntawa. Da takardar nan muka kai ƙarar shagon da ke sayar da jabun, aka kwashe kayan. Sai dai ƙarfinta a kan iyakar ƙasa yake tsayawa. Najeriya rajistarta daban ce, a Abuja, zangon farko shekara 7, kuma yawancin jabun a Najeriyar ake cika su.

Haɗin kuwa ban kai shi ko'ina ba. An ba ni shawarar in nemi takardar mallakar ƙirƙira, amma sharaɗinta sai ka bayyana yadda ake yin abin, bayan shekara 20 kuma ya zama na kowa. Ina dalili! 'Yan aiki suna gyaran farce, suna daka kajiji da mahalab, awo na ƙarshe kuwa ni nake yi, ƙofa a rufe.

Yanzu sunan kansa yana kawo kuɗi. Muna da wakilai a Madina da Kano, kowa da yarjejeniya a rubuce: yana biyan wani abu duk shekara ya rataya tambarinmu a shagonsa, ba ya buɗe kwalba, ba ya juyewa a ƙananan robobi, ba ya haɗa namu da na wani a kanta ɗaya.

Masu tayi kuwa ba sa ƙarewa. Sai mutum ya ɗauki humra ya ce ya gan ta rabin kuɗin nan a kasuwa. Nakan ɗiga masa a bayan hannu in ce ya je ya yi sallar La'asar ya dawo. In ƙamshin ya bar fatarsa, ya sayi waccan.